“Kai na wa ne?”: ra'ayin siyasa da ɗaukar ma'aikata a dokar Nijar

A Yamai, idan saurayi ya kai dosiyensa wani kamfani aka yi wata biyu ba kira, abokansa na fada ba sa tambayarsa ko takardunsa sun cika. Abin da suke tambaya shi ne wa ya tsaya masa. Akwai kuma tambaya ta biyu da ba a cika furta ta a fili ba: kai na wa ne? Ƴan boko sun daɗe da raɗa wa wannan hanya suna PAC, wato dangi da abokai da waɗanda aka sani, kuma tun da aka buɗe siyasar jam'iyyu da yawa gab da Taron Ƙasa na 1991, launin jam'iyya ya shigo cikin lissafin. Har ta kai mutane da yawa, cikinsu har da masu ɗaukar aikin, sun ɗauka haƙƙin mai kamfani ne ya ƙi wanda ra'ayinsu bai zo ɗaya ba, tunda dukiyarsa ce kuma shi zai biya albashi. Dokar Nijar ta hana wannan ƙarara.

Kundin dokar aiki, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ya faɗi haka tun a aya ta 5. Ayar ta jera abubuwan da mai ɗaukar aiki ba shi da izinin dubawa idan zai yanke shawara a kan ma'aikaci: jinsi, shekaru, asali, launin fata, addini, ra'ayin siyasa, naƙasa, cutar sida, amosanin jini, da zama ko rashin zama ɗan sandika. Sannan ta jera wuraren da hanin ya shafa, ɗaukar aiki ne kuma na farko, kafin rabon aiki, horo, ƙarin girma, albashi, ladabtarwa da sallama. Ta rufe da cewa duk matakin da ya saɓa wa wannan banza ne a idon doka. A lura da abu biyu a nan. Kalmar da ayar ta zaɓa ita ce ra'ayi, wanda ya fi katin jam'iyya faɗi nesa ba kusa ba. Sannan ba sai siyasa ce kaɗai dalilin ƙin mutum ba kafin a ce an karya doka. Sa ta a ma'auni ko da kaɗan ne, shi aka hana.

Wannan kalma ta ra'ayi ita ce ta sa maganar ba ta mutu ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, wanda ayarsa ta 33 ta ce kada a nuna wa kowa bambanci a wurin aikinsa, kuma a ranar 26 ga Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Wasu na ganin tunda babu jam'iyya, babu sauran batun wariyar siyasa. Dakatar da tsarin mulki bai soke dokar aiki ba, kuma rusa jam'iyya bai cire wa kowa ra'ayinsa daga zuciya ba. Abin da mutum yake gani game da ficewar Nijar daga CEDEAO, ko lokacin da ya dace a koma zaɓe, ko hulɗa da Faransa, duk ra'ayin siyasa ne. Tsohon tambari ma bai gogu ba: har yau ana cewa wane ɗan Tarayya ne, wane ɗan Lumana ne, gidan su wane ƴan Nasara ne tun kakanni. Mafi muni shi ne tambarin da ake liƙa wa mutum saboda garinsu, a ga takardar haihuwarsa ta Tawa ko Illela a yanke masa jam'iyya, alhali wataƙila bai taɓa zuwa taron kowa ba. Wanda ya ƙi mutum a kan haka ya taka aya ta 5 sau biyu, ta fuskar asali da ta fuskar siyasa.

Ayar ba daga sama ta faɗo ba. Tushenta yarjejeniya mai lamba 111 ce ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka fi sani a nan da OIT. An tsara ta a 1958, Nijar ta amince da ita a 1962, kuma ta ambaci ra'ayin siyasa cikin dalilai bakwai da ta hana a bambanta ma'aikata a kansu. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981 ita ma, a ayarta ta 13, ta ba kowane ɗan ƙasa dama iri ɗaya ta shiga aikin gwamnatin ƙasarsa.

Wani ɓangare na ruɗanin daga intanet yake zuwa, inda ake karanta labarin Amurka a ɗauka haka duniya take. A can, dokar tarayya ta 1964 da ta hana wariya a wurin aiki ta ambaci launin fata, addini, jinsi da asalin ƙasa, ba ta ambaci siyasa ba. Don haka kamfani mai zaman kansa a jihohi da yawa yana iya ƙin mutum saboda ra'ayinsa, sai a wurare irin su Kalifoniya da birnin Washington da suka yi tasu dokar. Gwamnati ce aka ɗaure wa hannu: a 1990 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Rutan, ta ce ba a ɗaukar ƙananan ma'aikatan gwamnati ko ƙara musu girma bisa jam'iyya. Nijar ta bi tafarkin Faransa ne, inda hanin ya hau kan gwamnati da ɗan kasuwa duka, har ma a Faransa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku shekara 3 da tarar Yuro 45,000.

To shin babu inda aka yarda a duba siyasar mutum? Akwai, amma ƙofar ƙunci gare ta. Yarjejeniya ta 111 ta ce ba wariya ba ce idan sharaɗin da aka gindaya yana cikin ainihin abin da wani aiki takamaimai yake buƙata. Minista yana da damar zaɓen daraktan fadarsa da masu ba shi shawara cikin waɗanda suka yarda da manufarsa, domin aikinsu shi ne aiwatar da wannan manufa. Ba shi da wannan damar a kan direban ma'aikatar, ko mai gadi, ko injiniyan da ke auna hanya, ko unguwarzoma a gidan haihuwa. Dokar da aka yi a 2011 kan manyan muƙaman ƙasa ta yi ƙoƙarin shata wannan iyaka, ta ware muƙaman siyasa daban da na ƙwarewa. Nijar ta san tsadar rashin wannan iyaka. Rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawancen AFC bayan zaɓen 1993 ya sa kalmar wasoso ta shiga bakin kowa, kuma taƙaddamar naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati tana cikin abubuwan da suka haɗa Shugaba Mahamane Ousmane da Firaminista Hama Amadou a 1995, rikicin da ya ƙare da juyin mulkin 27 ga Janairu 1996.

Iyaka ta biyu, wadda ta fi amfani ga ɗan kasuwa da shugaban ƙungiya, ita ce tsakanin ra'ayi da aiki da shi a wurin aiki. Mai kamfani yana da cikakken iko ya hana yaƙin neman goyon baya a cikin ofis, ya hana amfani da motar aiki zuwa gangami, ya hana ma'aikaci yin magana da sunan kamfani a kan siyasa, ya ladabtar da wanda ya zagi abokin ciniki saboda ra'ayinsa. Ƙungiyar agaji da ke rabon abinci a ƙauyukan Tilaberi ko Tawa tana iya wajabta wa ma'aikatanta kame baki a bakin aiki, domin rayukansu ma sun dogara da a ɗauke su ba ruwansu da kowane ɓangare. Wurin rubuta irin waɗannan sharuɗɗa shi ne dokar cikin gida ta ma'aikata, wadda ake nuna wa wakilan ma'aikata kuma a kai wa sufeton aiki, sannan ta hau kan kowa daidai. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce tunda wane yana da ra'ayi kaza, lalle zai yi kaza, don haka ba za a ɗauke shi ba. Wannan hukunci ne kafin laifi.

Masu kamfani suna da wani tsoro na gaske, kuma bai dace a yi kamar babu shi ba. Ɗan kwangilar da rabin cinikinsa daga gwamnati yake yana fargabar a ce ya tara ƴan adawa, kasuwa ta kuɓuce masa ko ƴan haraji su yi masa sallama. Wannan fargaba ba ta cikin abin da aya ta 5 ta yafe, kuma dalilin a fili yake: da za a karɓi uzurin cewa abokin ciniki ba ya son irin waɗannan mutane, da kowace wariya ta sami mafaka. A Ingila an kori wani direban bas a birnin Bradford bayan an zaɓe shi kansila a jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi, bisa tsoron yadda fasinjoji za su ɗauki abin, alhali ba a taɓa kama shi da laifi a bakin aiki ba. A 2012 Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam ta ce Ingila ta yi kuskure da ba ta ba shi hanyar ƙalubalantar korar ba. Ra'ayin nasa abin ƙi ne, amma kariyar ba don ra'ayi mai daɗin ji kaɗai aka yi ta ba.

Sai batun tsaro, wanda a halin da ƙasa take ciki ba wasa ba ne. Aya ta 4 ta yarjejeniya ta 111 ta yarda a ɗauki mataki a kan mutumin da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi cewa yana aikin da ke cutar da tsaron ƙasa, da sharaɗin yana da inda zai ɗaukaka ƙara. Magana ce a kan mutum ɗaya da abin da ya aikata, ba a kan gungun masu ra'ayi iri ɗaya ba. Jamus ta Yamma ta gwada faɗaɗa wannan da dokarta ta 1972 da ta toshe wa masu tsattsauran ra'ayi, galibi ƴan kwaminis, aikin gwamnati, har da malaman makaranta da ma'aikatan gidan waya. Kwamitin binciken OIT ya ce a 1987 hakan ya wuce abin da yarjejeniyar ta yarda. A nan gida, wurin da ya kamata a sa ido shi ne binciken hali da ake yi kafin ba da wasu muƙamai. Idan ya tsaya kan takardar kotu da gaskiyar diploma da riƙon amana, daidai ne. Idan mai binciken ya shiga unguwa yana tambayar wa mutumin yake bi, ya fita daga hurumin da aka ba shi.

Duk wannan a takarda yake, kuma inda gizo ke saƙar shi ne hujja. A ɗauki misalin wani Alhaji mai kamfanin sufuri da ke neman mai riƙe masa lissafi. Yaro ya zauna, an duba diplomarsa, an yi masa tambaya biyu a kan lissafin albashi da kuɗin CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, ya amsa daidai. Sai Alhaji ya ajiye takardar, ya tura masa kofin shayi, ya ce: “Ɗana, a Tawa ɗan gidan wa ne kai?” Yaro ya faɗa. Alhaji ya gyaɗa kai: “Ai na san mahaifinka, tare da su wane yake tafiya. Na kuma ga abin da kake rubutawa a Facebook. To, za mu kira ka.” Ba za a kira shi ba, ba kuma za a rubuta masa dalili ba. Mutum biyu ne a ɗakin, ɗaya kuma shi ne wanda za a kai ƙara.

A nan raunin aya ta 5 yake. Wanda aka kora yana da kwantaragi, yana da takardar sallama, yana da abokan aiki da suka ga abin da ya faru, kuma kotun ma'aikata tasa ce kai tsaye. Wanda aka ƙi ɗauka ba shi da ko ɗaya. Cewa matakin banza ne ba ya mayar da shi ma'aikaci, domin alƙali ba ya ƙulla kwantaragi tsakanin mutum biyu da ƙarfi. Abin da zai iya nema shi ne diyya, bisa ƙa'idar aya ta 1382 ta kundin dokar farar hula, wadda ta ce wanda laifinsa ya jawo wa wani hasara shi zai biya. Ƙa'idar shari'a kuma ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja. Faransa ta sassauta wannan: mai ƙara ya kawo alamun da ke sa a yi zaton wariya, sai nauyi ya koma kan mai kamfani ya nuna dalilinsa na gaskiya. Irin wannan gyara ne ya fi cancanta sandikoki kamar USTN da CDTN su sa a gaba duk lokacin da aka zauna sake duba kundin, domin hani ba tare da hanyar tabbatarwa ba bai cika tsorata kowa ba.

Akwai kuma ƙofofin baya guda biyu da ake bi. Ɗaya ita ce lokacin gwaji, inda kowane ɓangare yake iya raba gari ba tare da dogon bayani ba: a ɗauki mutum, a gano ra'ayinsa a mako na uku, a ce gwaji bai yi ba. Ɗayar ita ce kwantaragi mai wa'adi, a bar shi ya ƙare a ƙi sabuntawa. Aya ta 5 ta shafi duka biyun, tunda yanke shawara ce a kan ma'aikaci, sai dai nan ma hujja ce matsala. Abin da ke taimakawa shi ne jerin lokaci: takardar yabo a watan jiya, rubutu a Facebook ranar Litinin, sallama ranar Alhamis.

Saboda haka mai neman aiki ya fara tara hujjarsa tun kafin ya san zai buƙace ta. Ya ajiye sanarwar aikin, ko yankan jaridar Le Sahel ne ko hoton allon ANPE, hukumar samar da aikin yi, domin ita ce ke nuna sharuɗɗan da aka nema tun farko. Ranar da ya kai dosiye ya nemi a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafin wasiƙarsa. Da yawa suna jin nauyin tambaya, daga baya a ce ba a ma ga dosiyensu ba. Idan aka yi masa tambayar siyasa a ganawa, ba dole ne ya yi gardama ba, yana iya cewa: “Ranka ya daɗe, wannan ba zai shiga aikin da za ka ba ni ba,” ya mayar da zance kan aikin. Yana fita ya rubuta ranar, da lokacin, da waɗanda ke zaune, da kalmomin da aka faɗa. Saƙon WhatsApp ko na murya da wani na ciki ya turo, irin su “an ce kai ba namu ba ne”, kada ya goge, kada ya dogara da hoton allo kaɗai. Ya kai wayar wurin huissier, jami'in shari'a mai tabbatar da hujja, ya rubuta abin da ya gani a takardar shaida. Naɗar murya a ɓoye kuwa alƙali yana iya ƙin karɓarta. Daga nan ya rubuta wa kamfanin wasiƙa cikin ladabi yana neman dalili, sannan ya kai maganar ofishin sufeton aiki na jiharsa, wanda aikinsa ne sa ido kan bin kundin kuma yana da ikon shiga ma'aikata ya nemi takardu. Ko da mutum ɗaya bai ci nasara ba, koke uku ko huɗu a kan kamfani ɗaya suna zama alama.

Aikin gwamnati hanyarsa daban ce, domin kundin dokar aiki bai shafi ma'aikatan dindindin na ƙasa ba. Su dokar 2007-26 ta 23 ga Yuli 2007 ce ke tafiyar da su, kuma ƙofar shiga ita ce kwankur, wato jarrabawar ɗaukar aiki. Wanda aka cire sunansa daga jerin masu zama jarrabawa, ko ya ci aka tsallake shi, zai fara da rubuta wa ministan da abin ya shafa, sannan ya nemi alƙalin da ke duba matakan gwamnati ya soke matakin. Wa'adin gajere ne kuma daga ranar sanar da sakamako yake fara gudu, don haka zaman jiran wani babba ya sa baki shi ne ke cinye damar mutane da yawa. Duk wanda ya karanta dokar mulki a Jami'ar Abdou Moumouni ya haɗu da shari'ar Barel ta 28 ga Mayu 1954, inda aka hana wasu ƴan takara zama kwankur ɗin makarantar ENA ta Faransa, mai horar da manyan ma'aikatan gwamnati, saboda zargin kwaminisanci. Kotu ta nemi gwamnati ta kawo dosiyoyinsu, gwamnati ta ƙi, sai kotu ta ɗauki ƙin a matsayin tabbacin abin da masu ƙara suka faɗa, ta soke matakin. Darasin da lauya zai ɗauka shi ne ya roƙi alƙali ya umarci a kawo takardun jarrabawa da rahoton masu tantancewa, tunda hujjar tana hannun wanda ake ƙara.

Shi kuma mai ɗaukar aikin da ke son ya tsare kansa, har daga matsin ƴan'uwa da manyan da ke turo sunaye, maganinsa a rubuce yake. A rubuta bayanin aikin da sharuɗɗansa kafin a buɗe ambulan ko ɗaya. A raba maki tun farko, misali 40 ga jarrabawar rubutu, 30 ga ƙwarewar baya, 30 ga ganawa, kada a taɓa rabon bayan an ga sunaye. A jarrabawar rubutu a naɗe kusurwar da ke ɗauke da suna a liƙe, a ba kowace takarda lamba. Masu ganawa su zama uku, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, kowannensu ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin su tattauna, domin in babba ya fara magana sauran binsa suke yi. Kada a sa wani ya bi shafukan ƴan takara yana tattara abin da suka ce kan siyasa. Dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar HAPDP ke kula da ita, ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu tsananin kariya. A ƙarshe a rubuta rahoto, duka ukun su sa hannu, a ajiye shi tare da dosiyoyin waɗanda ba a ɗauka ba. Ranar da sufeto ya zo, ko wani babba ya kira yana tambayar me ya sa ba a ɗauki yaronsa ba, wannan rahoton za a ɗauko a nuna masa makin kowa.